Ranar da Na Yi wa Yayana Tafinta

Rumfar yayana tana wani lungu bayan kasuwar Head Bridge a Anaca, tsakanin masu albasa da wani mai gyaran janareta. Tun mahaifinmu yana raye ake dukanci a cikinta. Ni a Anaca aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan nake koyarwa a wata firamare, kuma ban taɓa bi ta lungun nan ban shaƙi warin fata da gam ba. Manyan Ibo masu jar hula sukan tsayar da mota a bakin titi, su turo direba ya karɓo musu maficin fata mai ɗauke da sunan sarautarsu. Ana yin jaka, ana yin takalmi, da kuben wuƙa na mahauta. Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba. Mutum ne mai tsadar magana, idan ya yi maka murmushi sau ɗaya a wata sai ka je ka yi sadaka.

Ɗansa na fari yana zaune a damansa a kan tabarma tun yana ɗan shekara tara. Yaya bai taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda mahaifinmu bai taɓa kiran na Yaya ba. "Kai" yake ce masa, idan kuma yana maganarsa da wani sai ya ce "wancan". Ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi, yabo kuwa ko a mafarki. Mu da muka tashi a cikin abin ba ma ganin komai a ciki. Kunyar ɗan fari ce, kuma ko da muka yi nisa da Kano ba mu bar ta a tasha ba.

Akwai abin da duk lungun ya sani amma ba mai faɗa. Idon Yaya ya fara tafiya. Da farko zare ne ya daina shiga masa allura, sai ya miƙa wa yaron ba tare da ya ce komai ba. Daga nan zane ya koma hannun yaron, sai ɗinki, a ƙarshe har yankan fata. Yaya yana zaune a wurinsa, yana riƙe da basilla, yana gaisawa da masu saye, yana juya fata a cinyarsa kamar mai aiki. Aikin kuwa a damansa ake yin sa.

Ni na kawo maganar takardar, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Wata ƙungiya daga ƙasashen Turai ta haɗa kai da wata hukumar koyar da sana'a ta nan gida, suka buɗe ofis a Inugu. Abin da suke so shi ne matasan da suka koyi aikin hannu a gindin iyayen gidansu, masu saƙa da masu rini da masu sassaƙa da dukawa, a gwada su a ba su shaidar da za a yarda da ita a nan a kuma yarda da ita a can. Wanda ya same ta yana iya neman gurbi a makarantar tsara jaka da takalmi a waje, ko ya buɗe wurin koyarwa na kansa da izini. A allon sanarwa na makarantarmu na gani, na ɗauki hoto na tura wa yaron. Ban kai gida ba ya kira ni sau huɗu.

Ashe ya daɗe yana jiran wata ƙofa. Ya nuna mini wani littafin rubutu na 'yan makaranta da ya cika da zanen jakunkuna irin waɗanda bai taɓa gani a lungun ba. Ciniki yana ta ja da baya, kayan roba masu arha sun cika kasuwar Ochanja, ranar Litinin kowa yana kulle a gida saboda dokar zaman gida ta 'yan aware, kuma duk lokacin da gari ya ɗau zafi mu ne na farkon rufe rumfa. Ya ce mini, "Gwaggo, ni ba gudun sana'ar nake ba. So nake a san na iya."

Shirin na matasa ne, yana da iyakar shekaru, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe a ciki. Mun karanta wannan layin tare, mun kuma sake karantawa.

Tsarin mataki biyu ne. Za ka gabatar da aikinka, su zo har rumfa su gani, su ji ta bakin maigidan da ya koya maka. Idan sun gamsu sai a kira ka Inugu a ba ka fata da kayan aiki ka yi a gabansu. Ba mu damu da na biyun ba, don a ba shi fata a gaban duniya ma zai yi. Na farkon kuma mun ɗauka gaisuwa ce kawai.

Wata guda ya yi yana ɗinka jaka ɗaya. Jar fatar akuya ce da ya sa aka kawo masa daga Sakkwato, ya yi mata baƙin baki, ya tsaga siraran fata kore ya saƙa su a gabanta kamar tabarma. Ɗinkin ciki sai ka kai ta haske kake ganinsa. Da ya gama ya ajiye ta a gaban Yaya. Yaya ya shafa ta da tafin hannu, ciki da waje, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Kai, matsar da abin nan, ka tare mini hanya." Yaron ya fita yana murmushi har kunne.

Masu shirin suna neman tafinta a Anaca, na nema aka ɗauke ni. Ban ɓoye ba, na ce ɗaya daga cikin masu neman ɗan wana ne. Jami'in da ya zo daga Inugu, wani Ibo mai gilashi, ya ce ba komai, amma ya ja mini kunne sosai. Ya ce a wasu garuruwa sun kama masu sayo kaya a kasuwa su ce su suka yi, sun kuma kama tafintan da yake gyara wa mutane amsa. Don haka duk hirar za a naɗe ta, wani mai jin Hausa zai saurara a ofis. Idan aka ji na ƙara ko kalma ɗaya, ba ni kaɗai za a kora ba, sunan yaron za a soke. Na sa hannu a takarda a kan haka.

Ana gobe za su zo na bi ta rumfar bayan la'asar. Na ce, "Yaya, gobe idan sun tambaye ka a kansa, ka faɗa musu gaskiya."

Ya ɗago ya ce, "Kin taɓa jin na yi ƙarya?"

Na ce a'a. Na bar maganar a nan, na tafi cefane. Ni da nake tinƙaho da karatu, na san Turawa na san yayana, ban zauna minti biyar na haɗa biyu da biyu ba.

Da hantsi suka iso, jami'in nan da wata Baturiya mai furfura. Ita ma ta yi aikin fata a ƙasarsu, ka gani a babban yatsanta. Ta cire takalmi kafin ta hau tabarma, wannan ya burge Yaya. Ta ɗauki jakar ta juya cikinta waje, ta shanshana, ta bi ɗinkin da farce, ta kalli jami'in ta ɗaga gira. Na ji daɗi har cikin raina, na ce an gama.

Kafin a fara, bakin rumfar ya cika. Masu albasa sun bar albasarsu, mahauta biyu sun zo da wuƙaƙensu a ƙugu, mai janareta ya kashe injinsa don ya ji. Baturiya a lungunmu ba kullum ba. Yaron ya sauka daga tabarmar ya tsuguna a gefe, kansa a ƙasa, kamar yadda yake yi idan uban yana da baƙi. Jami'in ya ajiye na'urar naɗar magana a tsakiya, wata 'yar jar fitila ta kama.

Baturiyar ta tambayi Yaya shekara nawa yaron ya yi yana koyo. Na juya masa. Ya ce, "Yana dai zama a nan." Ta yi murmushi, ta rubuta.

Sai ta yi tambayar da ke kan takardarta. Shin zai iya ɗaukar aiki daga yanka har gamawa, shi kaɗai, ba mai tsaya masa?

Yaya ya kalli bakin rumfar, ya ga jama'a. Ya haɗe fuska ya ce, "Wancan? Me ya iya? Ɓarnar fata dai. Sai an tsaya a kansa."

Masu albasa suka yi dariya irin ta jin daɗi. Wani dattijo ya ce, "Allah dai ya yi masa albarka." Duk wanda ke tsaye a wurin ya san abin da ya ji. Ya ji uba yana kare ɗansa daga bakin mutane, ya ji mutum mai kunya.

Ni kuwa na san ba haka za ta fito da Turanci ba. Baturiyar ta juyo tana kallona da alƙalami a hannu. Na kalli jar fitilar. Idan na ce ba haka yake nufi ba, na ƙara. Idan na sassauta, wanda zai saurara a ofis zai ji. Na yi tunanin ai yaron zai gyara da bakinsa idan an zo kansa. Na buɗe baki na faɗa da Turanci, daidai wa daida: bai iya komai ba, ɓata fata yake, sai an sa masa ido.

Fuskarta ta canza. Ta juya wajen yaron, ta ɗaga jakar ta ce, wa ya yi wannan?

Yaron yana jin Turanci, ya gama sakandare, yana jin Ibo kamar ɗan gari. Amma ba zai yi wani yare ta saman kan ubansa ba. Ya jira na juya masa, sannan ya amsa da Hausa, "Aikin rumfar Baba ne."

Ta ce ta gane, amma hannun wa?

Ya ce, "Duk abin da ya fita daga rumfar nan na Baba ne."

Matar nan ta yi ƙoƙari, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ta sunkuyo har ta kusa zama a ƙasa, ta ce masa a hankali, kai ka ɗinka wannan jakar, i ko a'a?

A lokacin ne na gane abin da ake tambayarsa. Idan ya ce shi ne, gobe wani zai ce to maficin sarakan fa, to takalman fa. Zai tsaya a gaban masu albasa da mahauta ya sanar cewa idon ubansa ya ƙare, cewa mutumin da ke riƙe da basilla a kan tabarma zaman banza yake. Ya kalli ƙafar Yaya. Ya ce, "Ina taya shi."

Na juya. Kalma uku ce da Turancin ma.

Da suka tashi na bi su har mota, mayafina yana jan ƙasa. Na fara bayani, al'ada ce, kunya ce, kowa a nan ya sani. Jami'in ya tare ni ya rage murya ya ce, "Madam, na wetin dem talk we go write. You wan spoil am finish?" Wato abin da suka faɗa za su rubuta, ko so nake in ƙarasa ɓata lamarin. Baturiyar ta riƙe hannuna ta ce ta ji ni, kuma akwai hanyar ɗaukaka ƙara idan sakamako ya fito. Ta ce jakar tana da kyau ƙwarai, ko wa ya yi ta. Wannan "ko wa" ɗin ya bi ni har gida.

Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayar yaron. Bai wuce matakin farko ba. Dalili: maigidansa bai shaide shi ba, kuma shi da kansa bai tabbatar aikin nasa ne ba.

A gidana ya same ni ina wanki. Bai zauna ba. Ya nuna mini saƙon, na ce za mu ɗaukaka ƙara. Sai ya ce, "Gwaggo, tun ina ƙarami nake jin Baba yana cewa ban iya komai ba. Wallahi daɗi nake ji. Ban taɓa jin zafinta ba sai da na ji ta da Turanci a bakinki." Na ci gaba da cuɗa wankin a cikin kumfa. Ya yi mini sallama ya fita.

Bai koma rumfar ba. Bayan kwana kaɗan wani abokinsa ya ce akwai aikin sauke kaya a Fatakwal, suka bi motar albasa. Mahaifiyarsa kawai ya yi wa sallama.

Ranar da na ji, na tafi lungun na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ɗaga wa Yaya murya. Na ce ya kashe yaron da bakinsa, na ce kunyarsa ta banza ce, na ce abubuwan da har yanzu nake neman gafara a kansu. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "So kike in tsaya gaban jama'a in yabi ɗan cikina? Baki ya kama shi? Ita matar ba ta da ido ne? Ba ta ga jakar ba?"

Na ce ta gani, amma takarda ba ta da ido, abin da aka faɗa take ɗauka. Na ce hanya ɗaya ta rage, ya rubuta musu wasiƙa ya ce yaron ya ƙware, kuma jakar aikinsa ce. Ya juya mini baya ya ci gaba da murza wata fata. Na tafi ina kuka a kan okada, mai okadan yana ta ce mini sorry.

Kwana tara Yaya bai neme ni ba. A cikin kwanakin nan wani direba ya zo karɓar mafici aka ce ya dawo, ya dawo aka ce ya sake dawowa. Rana ta goma, bayan azahar, sai ga Yaya a ƙofar gidana, shi da rabonsa da gidan tun ranar sunan autata. Ya ƙi kujera. Ya zauna a ƙasa ya fuskanci bango, ya ce in ɗauko takarda.

Ya ce, "Rubuta. Jakar nan shi ya yi ta, ban sa mata hannu ba. Shekara uku ke nan ban ɗinka komai ba, idona ba ya gani. Duk abin da aka saya a rumfata a shekarun nan aikinsa ne. Na koyi sana'ar nan a wajen ubana, na ga dukawan Kano na ga na Sakkwato." Sannan ya ce, "Ya fi ni. Ya fi wanda ya koya mini. Rubuta haka."

Sai ya faɗi sunan yaron, cikakke, don in sa a wasiƙar. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ya fito masa wani iri, kamar mai tauna tsakuwa. Na rubuta da Hausa na juya da Turanci, ya sa hannu da ajami, ya tashi ya fita bai kalle ni ba.

Washegari na hau mota zuwa Inugu. Ofishin yana hawa na biyu, da sanyin na'ura da hotunan matasa suna dariya a bango. Jami'in mai gilashi ya karanta wasiƙar sau biyu, ya cire gilashin ya goge. Ya ce shi ya yarda. Amma kwamitin da ke yanke hukunci rabinsa a waje yake, kuma abin da za su gani shi ne uba ya faɗi magana a naɗe, bayan ɗansa bai ci ba ya zo ya faɗi kishiyarta, ta hannun tafintar da take ƙanwarsa. Ya ce duk da haka zai tura. Ya tura kuwa. Amsa ta zo bayan wata guda, cikin ladabi, cewa an rufe jerin sunaye, a sake nema a zagaye na gaba. A zagaye na gaba shekarunsa sun wuce.

Jami'in ya kira ni da kansa. Ya ce ya rubuta a rahotonsa cewa nan gaba a riƙa ganawa da maigida daban, ɗalibi daban, ba a gaban jama'a ba, kuma an ce za a duba shawarar. Na ce masa na gode a madadin 'ya'yan wasu.

Kwafin wasiƙar ya zauna a jakata wata biyu. Yaron ba ya ɗaukar wayata, sai ta mahaifiyarsa. Da aka yi hutun makaranta na ce zan je in kai masa da hannuna. A raina na ɗauka idan ya ga abin da ubansa ya faɗa zai tattara ya biyo ni.

Na sauka kasuwar Mile 3 a Fatakwal ana yayyafi. Taɓo har idon sawu, motoci suna ta hon, ƙamshin albasa da ruɓaɓɓen tumatir ya cika ko'ina. Na tambayi 'yan Arewa masu dako, aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan, har na hango yaron a bayan wata babbar mota, ya naɗa tsumma a kai, ana ɗora masa buhu. Ya rame. Da ya gan ni ya kai buhun ya dawo, ya tsuguna a cikin taɓon ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Uban ya sa a ƙarshe.

Muka raɓe a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Na miƙa masa wasiƙar. Ya goge hannu a wando kafin ya karɓa, a nan na ga yatsunsa. Sun kumbura, sun tsattsage, farcen manuniyarsa ta dama ya cire.

Ya karanta ta Hausar. Ya kai ƙasa ya koma sama. Ya daɗe a kan layin da sunansa yake. Ruwa yana ɗiga daga kwanon yana sauka a kafaɗarsa bai matsa ba.

Na ce, "Wallahi shi ya faɗa. Da bakinsa, a ɗakina. Kada ka ce ni na tsara."

Ya ninke takardar a hankali yadda take, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Na sani, Gwaggo. Ke ai ba kya ƙara komai."

Daga saman motar wani ya kwaɗa masa kira. Ya gyara tsumman kansa, ya koma, ya sunkuya aka ɗora masa buhu.